Imo Bun-rye da Rigar Fatar Mijinta

Ƙarfe bakwai na safe Imo Bun-rye take buɗe ɗakin tufafi na makarantar koyon fim da ke unguwarmu a Busan, Koriya ta Kudu. Ta jona dutsen guga, ta ɗora shayin sha'ir, sannan ta bi riguna tana shinshinawa, don ɗalibi ba ya mayar da kaya a wanke. Shekara ashirin da shida ke nan, ƙarshen watan nan za ta miƙa makulli. Imo, wato goggo, haka kowa ke kiranta, har ni direban motar kayan aiki da na girme ta.

Yaran nan ba su da buri sai fim ɗin kisa. Makashin kuwa kullum ɗaya ne: lebura ɗan Yanbian, cikin Koriyawan da suka zo ci-rani daga China, ga wuƙa, ga baƙon harshe. Rigarsa ma ɗaya ce, wata tsohuwar rigar fata da suka raɗa wa suna rigar makashi. Sau goma sha ɗaya Imo ta miƙa musu ita.

Bara wata 'yar ajin ƙarshe, Tak Se-rin, ta faɗo ɗakin a guje, saura kwana uku ta fara ɗaukar fim ɗinta. Ina bakin ƙofa rungume da fitilu.

"Imo, rigar makashi! Kuma ko kin san wanda ya iya maganar 'yan Yanbian? Irin mai sa tsigar jiki tashi."

Imo ta ajiye guga. Sai ga harshen 'yan Yanbian da ta ɓoye mana tun zuwanta: "Ga ni. Tsigar ta tashi?"

Imo ta nuna rigar.

"Rigar marigayi mijina ce. Da ita ya ɗauki bulon ginin nan da kike tsaye ciki. Na kawo ta ne lokacin ɗakin nan ba komai sai ƙusoshi. Mutumin da ko kifi ake yankawa kau da kai yake."

"Imo, ban sani ba."

"Ba ki tambaya ba, 'yar nan. Makashin naki, me ya ci da safe? Wa yake kira in zazzaɓi ya kayar da shi? Kawo amsa, ki ɗauki riga."

Imo ta san abin da ta taɓo. Shekara-shekara ake sabunta mata takardar aiki, ƙorafin ɗaliba ɗaya ya isa a sallame ta. Kwana biyu tana guga, kunnenta na kan matattakala ko za a kawo takardar sallama.

Ran na uku Se-rin ta dawo, ido ja, labarin fim ɗinta ya sake. Leburan da ke sanye da rigar shi ne ya ji ihu ya ɓalle ƙofa, sa'ad da maƙwabta suka ƙara sautin talabijin. Makashin mai gidan haya ne, cikin kwat. Imo da kanta ta goge kwat ɗin, har da kari.

Imo, ke ce malamar da ba a rubuta sunanta a allo ba. Ba ki hana su tsoratar da mutane ba, kin dai hana su lalaci. Mun gode. Mu da muka gani muka yi shiru, ke kika fi mu. Wanda zai gaji makullin nan, ya gaji tambayar.

Rigar tana nan a rataye. Yara sun ɗinka mata sunan mijin Imo a wuya, yanzu mai nema sai ya ce, "A ba ni rigar Seok-gil."