Gefen da Baba Ke Kwanciya

Baba bai taɓa kwanciya a gefen hagu ba sai da ruwa ya shige masa ƙirji. Malami ne a Ƙofar Taramniya. Tun muna yara, in ya tarar da ɗayanmu yana barci a hagu, sai ya juya shi dama a hankali, ya ce haka sunna ta koyar. Ni na fi kowa shan juyi, don barcina ba shi da tarbiyya.

Likita ya ce ruwa ne ya taru tsakanin huhun hagu da haƙarƙari. Aka zuƙe, ya dawo. Aka sake zuƙewa, ya sake dawowa. Shekara biyu ana abu ɗaya, har huhun ya saba da matsi, ya daina buɗewa sosai. Baba ya rame, busasshen tari ya zauna masa, daga zaure zuwa masallaci sai ya huta sau biyu. In ya kwanta dama, ruwan ya danne lafiyayyen huhun, numfashi ya gagara. Hagu kaɗai ke karɓarsa.

Wannan ya fi ciwon damunsa. Kullum bayan azahar, in zai ɗan runtsa, da dama yake farawa. Ina zaune da mafici ina jin hakinsa, raina na ɓaci.

"Baba, don Allah ka juya. Lalura ce fa."

"Bari, ɗiyata. In ida addu'a tukun, kana in koma hauni."

Sai ya karanta ta guntu-guntu, ya juya hagu, barci ya kwashe shi. In ya farka yakan ce ya je gulbin Kwalkwalawa. Wai yana kwance cikin kwalekwale ba matuƙi, gonakin shinkafa na wucewa, ruwa na kaɗa shi sannu-sannu.

"Gulbin ga cikina shike," in ji shi, yana murmushi.

Na taɓa kara kunne a bayansa don in ji. Dama, iska na shiga tana fita. Hagu shiru, kamar randar da aka rufe.

Ranar da ya rasu, da yayana ya dawo daga maƙabarta, na tare shi tun a zaure. Na san amsar, kowane mamaci haka ake yi masa, amma sai da na tambaya.

"Bisa dama munka aje shi," ya ce. "Ya kwanta daidai."

Sai a lokacin kuka ya zo mini, kuma wallahi rabinsa na daɗi ne.