Gorar Rubutun da Na Kai Mai'adua

Ƙarshen damina ne, gero ya fitar da kai amma ba a fara girbi ba. Shekarar ta zo da ruwa mai albarka, sai dai zukata ba su kwanta ba, kowa ya ji magana a waya sai ya kai ta gaba. Cikin irin waɗannan maganganu aka kawo mini muryar ɗana.

Ɗan farina ne, don haka ba zan rubuta sunansa ba, kamar yadda bakina bai taɓa kiransa ba. Ƙannensa na ce masa Yaya Malam, saboda yana koyar da kimiyya a wata sakandare a Mai'adua. Wani ɗalibi ne ya ɗauki muryarsa a aji, ta zaga har ƙauyenmu na ƙasar Baure. Abin da aka ji shi ne: "Sama da ƙasa da taurari, daga wata fashewa suka faro." Nan aka yanke.

Baffa Lawal, yayan marigayi mijina, shi ke riƙe da marayuna. Ya kira ni zaure ya ce boko ya cinye masa ɗaya, ba zai miƙa ta biyu ba. Hauwa'u, autata, wadda aka ba gurbi a babbar sakandare, ta zauna gida. Na durƙusa na roƙi a bar ni in je in gani da idona. Sai ya miƙo mini gorar rubutu.

"Ki zuba masa a fura, kada ya sani. In ya sha, da sauran fata. In ya ture kwanon, kin sami amsa."

Daga gida zuwa Daura

Na fito bayan asuba, gari bai gama wayewa ba. Mai babur ya ɗauke ni zuwa Baure, ruwa ya ci hanya har sai da na sauka na taka a wata fadama, gorar na ƙulle a bakin zanena. Ya tambaye ni ina za ni da sammako haka, na ce asibiti. Ban san a gidan wa yake hira ba.

A Baure na shiga ƙaramar mota, an danna mu a baya da wata mai goyo da buhun albasa. Mun wuce Zango lafiya. Muna dab da Sandamu wani mai farar hula a gaba ya ce wa direba, "Ka ji abin da ake koya wa yara yanzu?" Ya danna waya, sai ga muryar ɗana ta cika motar.

Direba ya ce, "Fashewa? In tayata ta fashe ba ta haifar da mota, malam."

Aka yi dariya. Mai hular ya ce laifin uwar yaron ne, da ta ba shi tarbiyya da bai kai haka ba. Mai goyo ta taɓa ni ta ce, "Ko ba haka ba, Inna?" Na ce Allah ya shirya mana zuri'a. Na ja mayafi, ina tunanin ko mai hular ya san ni ne ya kunna da gangan. Har muka shiga Daura ban daina kallon ƙeyarsa ba.

Daura zuwa Mai'adua

A tasha na sayi ƙosai na riƙe, ban iya ci ba. Da hantsi muka kama hanyar Mai'adua. Hanyar iyaka ce, shingen jami'ai ba ya ƙarewa. A wani shinge aka ce kowa ya sauka, wani matashi cikin kaki ya ga kumburi a zanena.

"Mama, me aka ɓoye?"

Na kwance. Ya buɗe, ya sunsuna, ya yi murmushi. "Rubutu ne. Na farin jini ko na jarrabawa?"

Na ce na yaro ne. Ya ce tasa uwar ma ta aiko masa da irinsa. Ya rufe da kyau ya miƙo mini da hannu biyu.

Gidan Hajiya Tabawa

Malam na haya a ɗakin zaure a gidan wata dattijuwa, Hajiya Tabawa, mai sayar da man gyaɗa. Na isa kafin azahar, yana makaranta. Ta tarbe ni da fara'a mai yawa, har na soma zargin an riga ni da labari. Ta buɗe mini ɗakin don in huta.

Ban huta ba. Na taɓa butarsa, da saura ruwa a ciki. Na ɗaga darduma, wurin goshi ya sha jiki. Amma na ce a raina ruwa ana zubawa, darduma kuma ana sayen tsohuwa. A bango akwai hoto baƙi ƙirin da ɗige-ɗige masu haske kamar an watsa gari. Na juya masa baya.

Bayan la'asar ya dawo. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango, yadda muka saba tun yana hannun kakarsa. Tsakanina da shi babu doguwar magana, balle tambaya irin wadda na zo da ita. Saboda haka na juya ga Hajiya.

"Hajiya, ki tambayi yaron nan, shi ya ce duniya fashewa ta yi?"

Hajiya ta ce, "Ka ji, Malam. Ni dai na zama waya."

Ya ce muryarsa ce, amma an datse kai da gindi. Ya aika aka sayo balan-balan, ya yi mata ɗige-ɗige da biro, ya hura. Ɗige-ɗigen suka riƙa nisa da juna. Ya ce wa Hajiya haka masu duban sama suka gano, tarin taurari na nesa suna ta guduwa daga juna. In kuwa yau suna rabuwa, jiya sun fi kusa. In aka yi ta komawa baya, za a kai lokacin da komai ke cure wuri guda, da zafin da ba ya misaltuwa, sannan ya buɗe. Ya ce ba fashewa irin ta taya ba ce, buɗewa ce, sunan ne aka sa mata haka.

Ni ƙullin fanke ya faɗo mini a rai, yadda yake kumbura a roba. Amma ban nuna ba.

Na ce wa Hajiya, "Ki ce masa, wa ya je can ya ga suna gudu?"

Ya ce ba wanda ya je, daga haskensu ake ganewa, kamar yadda ƙarar babbar mota ke sauya murya in ta wuce mutum. Ya ce wai har yanzu ana auna ɗan ɗumin da ya rage daga wancan zafi a ko'ina cikin sama. Da can wasu masana sun ce duniya ba ta da mafari, haka take tun fil azal, aka bar maganarsu da hujja ta kayar da ita. Wasu kuma na cewa buɗewa take ta koma ta tsuke, ta sake buɗewa.

Hajiya ta ce, "Ashe su ma gardama suke kamar 'yan kasuwar shanu."

"Sosai ma, Hajiya."

Wannan bai kwantar mini da hankali ba. Mutanen da ba su daidaita ba, su ake ba yara. Na tashi na dama fura a madafin Hajiya, na juya baya na tuttule gorar duka. Na ajiye kwanon gabansa.

Ya yi bisimilla, ya kurɓa, ya tsaya. Na zuba masa ido. Ya dubi kwanon, ya dubi Hajiya.

"Hajiya, ki ce wa Inna malamin Baffa har yanzu yana cika ƙaro a tawadarsa."

Ya ɗaga kwanon ya shanye tas.

Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba. Gwajin Baffa ya lalace, tunda ya sha yana sane. Mai imani zai sha, mai son rufe bakin uwa ma zai sha. Ba abin da ya rage sai abin da nake gudu. Na juyo na dube shi ido da ido, karo na farko tun girmansa.

"Kai. Kafin curin nan, me ke nan? Wa ya ajiye shi?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, awonmu bai kai can ba. Littafin kimiyya ya tsaya a yadda abin ya gudana. In yara sun tambaye ni wa ya gudanar, ina ce musu ni Musulmi ne, na san wanda nake wa sujada. Wurin ne aka yanke." Sannan ya ce, "Hauwa'u ce aka hana makaranta, ko?"

Na ce ita ce.

Komawa gida

Na kwana ɗakin Hajiya, ta ciyar da ni tuwon dawa miyar kuka, ta ƙi karɓar komai. Allah ya saka mata. Da safe Malam ya raka ni tasha yana tafe a bayana. Hanyar dawowa ba labari, sai ruwan da ya tsare mu a Zango. Na shiga gida dab da magariba, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni.

Bayan salla na sami Baffa a zaure.

"Ya sha?"

"Ya sha, Baffa. Amma ya gane."

"To ai ba a yi komai ba ke nan."

Na ce na tambaye shi da bakina. Baffa ya ɗago. "Ke? Ɗan farin?" Na ce ni. Na faɗa masa amsar kamar yadda na ji ta, ban ƙara ba. Na ce zancen taurari ban ce na yarda ba, ban kuma iya ƙaryatawa ba, amma yaron ban ga ya bar hanya ba. Baffa ya juya carbi ya ce zai yi tunani. Na san tunanin Baffa, yana iya kaiwa girbin baɗi.

Washegari na tashi Hauwa'u da wuri, na yi mata kitso, ta sa kayan makaranta. Ban bi da ita ta bayan gida ba. Na kai ta ƙofar zaure, muka durƙusa tare.

"Baffa, ga ta za ta tafi. A sa mata albarka."

Ya dube ta, ya dube ni. Sannan ya ce, "In ta dawo, ta riƙa zuwa tana gaya mini abin da aka koya mata. Duka, ba guntu ba."

Na ce to. Na riƙe mata jaka har bakin hanya.