Kuɓewar Inna a Injin Shanya

Firji maigidana ya fita saya ranar da ya dawo mana da injin shanya. Lokacin muna zaune a Unguwar Dosa, shekararmu ɗaya da aure, shi yana aiki a wata ma'aikatar gwamnati, ni ina koyarwa a firamare. Wani Bature da ke zaune wajen Mando zai koma ƙasarsu, yana sayar da kayan gidansa. Kafin maigidan ya isa an riga an saye firjin. Shi kuma mutum ne da ba ya son a ce ya je wuri ya dawo hannu rabbana, sai ga shi da wani farin akwati mai ƙofa a gaba, ƙarti biyu suna sauke shi daga a-kori-kura.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Busar da kaya yake yi. Ki sa jiƙaƙƙen wanki, ki murɗa nan, shi ke nan."

Na ɗaga kai na dubi ranar da ke ƙona tsakar gida, na dube shi, dariya ta ƙwace mini. Ya yi fushi kwana biyu.

Injin ya shekara a baranda ba wanda ya taɓa shi. Na lulluɓe shi da ƙyalle na ɗora rediyo a kai. Baƙi kan tambaya ko na gasa burodi ne, maigida ya yi ta yi musu bayani kamar shi ya ƙera.

Sai Allah ya ba mu 'yan biyu a farkon damina. Na dawo daga wankan gida cikin watan Agusta, sama ta ɓalle, ruwa yau ruwa gobe. A wancan zamanin, nafkin na yadi ake sa wa jarirai, a wanke, a shanya, a sake sawa. Yara biyu kuwa ba sa jiran rana ta fito. Nafkin a kan kujeru, nafkin a kan ƙofa, har a kan kekena na ɗinki, kuma duk da danshi. Wata safiya na sauke rediyon nan a hankali, don kada maigida ya ji, na zuba wankin na murɗa. Kafin in gama dama koko sun fito a bushe da ɗuminsu. Ina juyowa na gan shi tsaye a ƙofar ɗaki yana murmushi. Ranar har da waƙa ya tafi ofis.

Cikin wannan damina surukata ta zo daga Rigachikun ganin jikoki. Inna muke ce mata. Mace ce mai tattali ƙwarai. Ko ƙwarya ta tsage sai ta ɗinke ta, tsohon zani kuma sai ya zama tsumman goge tukunya kafin ta rabu da shi. Ta zo mana da tsaraba, kwando guda na ɗanyar kuɓewa daga gonarta. Muka yi miya, muka ba maƙwabta, ba ta ragu ba. Ta zauna ta yayyanka sauran ta baza a tabarma za ta busar. Kwana uku ba a ga rana ba, wani ɓangaren kuɓewar ya fara baƙi. Inna ta riƙa zagaya tabarmar tana salati.

Ranar Alhamis na goya ɗaya daga cikin 'yan biyun, maƙwabciyata ta goya ɗaya, muka tafi awo asibiti. Da na dawo na sa wanki a inji na murɗa, sai ya yi wani gurnani, ƙum, ya yi shiru. Na sake murɗawa, gurnanin dai, ba ya juyawa. Akwai kuma wani ƙauri-ƙauri da na kasa gane na mene ne. Cikinsa kuwa fes, kamar an goge.

Da maigida ya dawo ya duddube shi, ya bubbuga gefensa, ya yanke hukunci cewa wuta ce aka kawo da ƙarfi ta ƙona shi.

Inna tana zaune tana jijjiga jariri ta ce, "Ƙwarai kuwa. Wutar nan taku ba ta da kirki. Ni ma na ji ta zo da ƙarfi."

Daga nan shawara ta tashi: a gyara ko a sayi sabo. Ni dai duk wanda ya fi sauri nake so, don nafkin ya sake hawa kujeru. Maigida ya ce gyara za a yi, akwai wani mai gyaran firji da fanka a Kawo da abokan aikinsa suke yabo. Abin da ya ba mu mamaki Inna ce. Ta ce atafau ba za a kira kowa ba.

"Masu gyaran nan ɓarna suke ƙarawa. A fitar da shi, a sayi sabo."

Maigida ya saki baki. "Inna, ke ce kike cewa a sayi sabo? Takalmina na makaranta sau nawa kika kai shi ɗinki?"

"Wancan takalmi ne. Wannan kuwa kayan Bature ne, ba a buɗe shi. In kuɗi ne, ina da tunkiya, a sayar."

Ya dube ni, na dube shi. Da muka shiga ɗaki ya ce mini, cikin damuwa ta gaske, anya Inna lafiyarta ƙalau kuwa?

Don ya faranta mata, ranar Asabar muka shiga gari neman sabo. Kanti uku muka shiga. A na farko aka nuna mana injin wanki, a na biyu aka nuna mana abin busar da gashi. A na uku mai kantin ya gane abin da muke nufi, ya ce sai dai a yi odarsa daga Ikko, zai ɗauki wata biyu ko uku, kuɗinsa kuma ya kusa na sabon babur. Sannan ya ƙara da cewa, "Amma Alhaji, kafin ya iso ai damina ta wuce." Daga can ba mu zarce ko'ina ba sai Kawo.

Mai gyaran dattijo ne siriri, da tabarau ɗaure da zare. Ya zagaya injin sau biyu, ya ce irinsa ya gyara sun fi goma. Sai kuma ya tambaye ni ta ina ake zuba ruwan. Na ce ba a zuba ruwa. Ya ce, "To, wannan sabon samfuri ne." Tun da ya shigo Inna ta amsa gaisuwarsa sama-sama ta shige ɗaki ta saki labule.

Ya juya injin, ya kwance murfin baya. Ƙaurin nan ya bugo mu gaba ɗaya. Ya zura hannu ciki, ya ɗan dakata, ya zaro shi a hankali, wani abu mai yauƙi yana bin yatsunsa kamar zare. Ya kai hanci ya shinshina. Ya sake zurawa ya damƙo cikin hannu guda, ya baza a tafinsa, ya gyara tabarau.

"Alhaji, da wane irin sabulu ake wanki a gidan nan?"

Maigida ya leƙa. Ni ma na leƙa. Yankakkiyar kuɓewa ce, wata ta ƙone, wata ta dahu. Ta bi ta ramukan gangar da ake zuba wanki a cikinta ta cushe fanka, yauƙinta ya shafe bel ɗin da ke juya gangar har ya zame ya tsinke.

Can sai muryar Inna ta fito daga bayan labule.

"Rabin kwando ne kawai."

"Inna!"

Ta ɗaga labulen ta fito, ta gyara mayafi. "Ai ku kuka ce injin shanya ne. Akwai wanda ya gaya mini na tufafi ne kaɗai? Ina gani kayan miya za su lalace, ga abu a ajiye yana hura iska mai zafi?"

Na toshe baki da gefen zani na ruga kicin, don ba ya yiwuwa in yi wa surukata dariya a gabanta. Daga can ina jin mai gyaran yana cewa, "Gaskiya Hajiya tana da hujja." Maigida ya rasa wanda zai yi wa faɗa, uwarsa ce, sai ya juya kan mai gyaran ya ce ya yi aikin da ya kawo shi.

Kankare kuɓewar ya ci yinin ranar. Bel kuwa babu irinsa a duk Kaduna. Mai gyaran ya tafi da tsinkakken, bayan kwana biyu ya dawo da wani da ya samo wajen masu injin markaɗe, ya ɗan rage masa faɗi da wuƙa. Ya ɗaura, na murɗa, ganga ta juya. Sai dai tun daga ranar injin ya koyi ƙara, ƙaƙaf-ƙaƙaf, har wata yarinya ta taɓa sallama da roba a hannu tana tambaya ko nan ne ake markaɗe.

Ƙamshin kuma ya ƙi fita. Kusan wata guda duk abin da ya shiga injin nan da warin ƙonanniyar kuɓewa yake fitowa. 'Yan biyu ba su damu ba. Maigida ne ya dawo wata rana fuska a murtuke, wai suna tsakiyar taro shugabansu ya daina magana, ya shaƙi iska, ya tambaya wane ne ya shigo da abinci. Daga ranar ya ce kaftaninsa a igiya za a riƙa shanya masa, ko da zai kwana uku bai bushe ba.

Inna ta ƙara mako guda ta ce za ta koma. Ni na raka ta tashar Kawo. Ta shiga mota ta zauna, sai ta yafito ni ta taga, ta kwance bakin jakarta ta miƙo mini wani ƙulli a leda.

"Riƙe, kada ki nuna masa. Zubin farko ne. Kin gan ta, ta bushe ƙayau. A na biyu ne na cika masa ciki, shi ne kuskurena."

Na buɗe a hanya. Ban taɓa ganin busasshiyar kuɓewa mai kyanta ba, koriya shar, ba ƙasa ba tsakuwa. Na daka ta na yi miya da tuwon masara. Maigida ya cinye ya nemi ƙari, ya ce a ina na samo kuɓewa haka a tsakiyar damina. Na ce masa tsarabar Inna ce, kuma ban yi ƙarya ba.