Ramuka Huɗu a Bayan Injin Wanki

Bakanike ne ya fara furta kalmar sata, ba Alhaji ba. Gara in faɗi wannan tun farko.

Motar ta Alhaji ce, wani ɗan kasuwar hatsi a Gwarzo wanda yayana yake yi wa direba. Daga Kwatano aka kawo ta lokacin da kasuwa ke garawa. Mota ce mai ɗaki a ciki, da gado, da ɗan wurin girki, da makewayi, ga injin wanki an cusa shi cikin wani akwatin katako kusa da ƙofa. Sau uku kacal na san ta hau titi. Da mai ya yi tsada kowa ya tsuke bakin aljihu, sai aka kai ta gidan gonar Alhaji a hanyar Getso aka girke a gindin darbejiya, Yaya ya tashi daga direba ya koma mai gadinta. Injin wankin ne kaɗai ya rage yana aiki. Duk Alhamis matar Alhaji takan aiko da leshinta da shaddodin maigida, Yaya ya cika tanki da ruwan rijiya, ya tada janareta, ya wanke.

Sai injin ya fara yoyo. Kafet ya jiƙe, katakon ƙasa ya yi laushi, motar ta ɗauki warin ruma. Alhaji ya sa aka ɗauko wani bakanike daga Kabo, mai gyaran injin ban-ruwa. Mutumin ya jawo injin waje, ya ga ruwa kwance a baya, ya ga ramuka huɗu a jikin ƙarfen, babu komai a cikinsu. Ko minti biyar bai yi ba ya miƙe ya ce an sace notina huɗu, 'yan Turai ne, masu tsada, ta nan ruwan ke bi.

Makullin motar kuwa guda ɗaya ne, yana aljihun Yaya.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce. A rediyo, a majalisa, a bakin rijiya, zance ɗaya ake yi, haddi. Ban taɓa ganin wanda aka yanke wa hannu ba, ban kuma san wanda ya gani ba, amma kowa yana da labarin wani gari da aka yi. Ƙanen Alhaji, wanda ke kula da gonar, ya ce ba shi da ta cewa, ranar Litinin a haɗu gaban alƙali. Ranar Asabar ya faɗi haka.

Yaya ya dawo gida ya zauna a zaure, tuwo ya huce a gabansa. Inna tana daga ciki tana salati ƙasa-ƙasa. Ni ban iya wannan zaman ba.

"Yaya, ka ɗauka?"

"Ban ɗauka ba."

"To me ya sa ka yi zugum kamar wanda aka yi wa mutuwa?"

"Ke!" in ji Inna. "Yayanki ne fa."

"Na sani, Inna. Shi ya sa nake tambaya."

Bai ko dube ni ba. Wannan ƙin kallon ya fi maganar alƙalin tsorata ni.

Lahadi da hantsi na cika gwangwani da tokar murhu, na zura hijabi, na ce ya tashi mu tafi. Ban san komai game da injin wanki ba, na dai gama sakandare ina zaune. Amma na san yadda Inna ke gane inda randa take tsatsafo. Toka take barbaɗawa a ƙasa ta jira ta ga inda zai fara baƙi.

Muka hau a-kori-kura muka sauka a bakin gonar. Ba kowa sai awaki. Cikin motar zafi kamar tanda, ga wari. Na yaye kafet, na goge katakon da tsumma, na ajiye tocila don in leƙa ƙarƙashi. Ina sakinta sai ta gangara ta tafi baya da kanta har ta daki bango. Na fita na zaga motar. Tayar baya ta sace tun ba yau ba, motar ta karkace. Ashe duk inda ruwa ya fito, baya zai tafi ya kwanta. Bakaniken ya ga inda ruwa ya taru ne kawai.

Na barbaɗa toka gaba da baya, na ce Yaya ya tada janareta. Ya tsaya yana jan ƙafa.

"Mai kaɗan ne a ciki."

"Tada shi, Yaya."

Injin ya fara shan ruwa. Na sa hannu a tiyon da ke kawo ruwa, a bushe yake. Na shafa robar ƙofa, a bushe. Na cusa yatsa cikin ramukan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ƙura na fito da ita da yanar gizo. Na durƙusa ina kallon toka, gumi yana shiga min ido. An daɗe ba abin da ya faru, har na fara tunanin me zan gaya wa Inna. Sai da injin ya zo zubar da ruwa na ga wani ɗigo baƙi a gaba, can ƙasa ta hannun dama, ƙarƙashin wata 'yar ƙofa da ba ta fi tafin hannu ba. Ɗigon ya yi faɗi, ya ja layi siriri ya bi ƙarƙashin injin ya nufi baya.

A aljihun gado na samo littafin injin. Ba Turancin da aka koya mana ba ne, wani yare ne mai ɗige-ɗige a kan haruffa, amma akwai zane. A shafin farko ga hannu da sifana yana zare notina huɗu daga bayan injin. A gefe ga injin da ba a zare masa ba yana tsalle, an ja masa gicciye. Ashe notinan na riƙe injin ne a hanya kawai, tun ranar da aka girke shi aka cire su.

Na ɗauki cokali zan ɓalle 'yar ƙofar.

"Bar nan," in ji Yaya. "Kin samu abin da kike nema. Kada ki taɓa nan."

Na dube shi, na ɓalle. Akwai murfi a ciki, a karkace yake. Ina murɗawa baƙin ruwa ya ɓulɓulo, da wari irin na kwata. Na sa yatsu na zaƙulo abin da ke ciki. Wake ne. Ya kumbura ya yi suntum, wasu sun ruɓe, wasu har sun yi farin tsiro. Zaren buhu ya nannaɗe bakin murfin ya hana robar zama.

Na san buhunan. Bayan girbi Yaya ya kwashi tsofaffin buhunan waken Inna ya dawo da su fes kamar sababbi, tana ta sa masa albarka.

"Sabon buhu ya fi ƙarfinmu," ya ce. "In ba a wanke ba ƙwari za su bi sabon waken. Sau biyu ne kawai. Da ruwa ya ƙi fita na buɗe na rage, na mayar. Ban san bai zauna ba." Ya miƙo hannu. "Kawo in watsa wa awaki. Ki nuna musu zanen kawai."

"Su ce to me ya kawo yoyon? In ce aljanu?"

"Alhaji ba zai yafe ba."

"Ganganci ne, Yaya. Ba a yanke hannu a kan ganganci."

Na zuba waken a faranti na ajiye a kan gado.

Bayan azahar suka iso, Alhaji da ƙanensa da bakaniken, don Yaya ya aika musu tun da safe bisa matsawata. Na durƙusa na gaishe su. Ƙanen ya amsa a daƙile, yana kallon tokar da ta ɓata min hijabi. Na miƙa wa Alhaji littafin a buɗe.

Bakaniken ya leƙa ya yi dariya. "Alhaji, yarinya ce za ta koya min aikina? Shekarata nawa da ƙarfe?"

"Malam, sa yatsanka a ramin," na ce. "In ya fito da danshi, ni ma a kai ni gaban alƙalin."

Bai sa ba.

Na wanke murfin, na cire zaren tas, na ɗaure shi daidai, na barbaɗa sabuwar toka. Aka tada janareta. Mu biyar muka tsaya cikin zafin nan ba mai tari. Injin ya sha, ya juya, ya zo zubarwa. Ƙanen Alhaji ya tsuguna har gemunsa na neman taɓa ƙasa. Tokar tana nan fara. Can janareta ya yi tari ya mutu, mai ya ƙare.

Alhaji bai kalli tokar ba. Farantin yake kallo. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya mai tsiro ya juya ta a yatsunsa ya daɗe.

"Waken wa?"

Na buɗe baki, Yaya ya riga ni. Ya faɗi komai, kansa a ƙasa. Ƙanen ya fara cewa ai wannan ma cin amana ne, alƙali ya kamata ya ji. Alhaji ya ɗaga masa yatsa ɗaya ya katse shi.

"A cikin abin da ake wanke rigar da nake zuwa Juma'a da ita," in ji Alhaji, a hankali. Ya ajiye ƙwayar. "Kawo makulli."

Yaya ya miƙa da hannu biyu.

"Ba kotu. Amma kada in sake ganinka a gonar nan."

A hanya Yaya ya yi gaba ya bar ni da tazara mai yawa. Sai da muka kai bakin titi ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Shekara tara ina tare da mutumin nan. Da kin bari na zubar."

"Da gobe kana gaban alƙali."

Bai sake yi min magana ba har bayan babbar Sallah. Ya koma Kabo yana lodin buhuna a kasuwa, in ya zo gida ya gaida Inna ya wuce ni kamar turmi. Inna ta ce bakina ne zai hana ni zaman lafiya da mutane. Na ce mata na ji.