Farin Shafin Husaini Direba

"Har yanzu yana yawo da wayar nan?"

"Jiya ma Hayin Banki ya kai ta gyara."

"To wa zai gaya masa?"

"Ni dai ba da bakina ba."

Hirar direbobi ke nan a bencin tasha, Husaini direba ake nufi. Yana saurayi ya baro Malumfashi ya zo tashar Kawo a Kaduna, ya yi yaron mota, ya kama sitiyari, har furfura ta cim masa a hanyar Kano. Bara kamfanin bas ɗin da yake wa tuƙi ya daina kiran suna da baki. Aka buɗe shafin intanet. Kowane direba sai ya sa lambarsa da lambar sirri, shafin ya wuce da shi kai tsaye inda aka rubuta motar da zai ja da garin da za shi. Husaini bai yi boko ba, kala ya riƙe. In ya ga kore, akwai lodi.

Tun da kamfani ya yi wa direbobi gwajin ido, koren ya ɓace masa. Da ya shiga, sai wayar ta jefa shi wani farin shafi mai ɗan rubutun Turanci. Da farko ya ce matsalar sabis ce. Daga baya ya ce wayar ce, har gilashi aka canza mata. Ya miƙa wa abokin aikinsa Yahya ya karanta masa, Yahya ya juya ta, ya ce ya manta tabarau a gida. Kullum safiya dai Husaini na fita da kayan aiki, ya yi wa matarsa sallamar tafiya Kano, ya yini a benci.

Da abin ya ishe shi, ya hau ofis wurin Hafiza mai kula da shafin, 'yar maƙwabcinsa a Unguwar Kanawa. Ta rusuna ta gaishe shi, ta ce, "Baba, wayarka lafiyarta lau."

Kanta a sunkuye ta yi masa bayani. Likita ya gano yana da yanar ido, an dakatar da shi. Manaja ya ce duk wanda aka dakatar kada ya isa shafin lodi, a karkatar da shi wancan farin, kuma ita ta tsara hakan da hannunta. Rubutun cewa yake a jira sai an neme shi.

Ya tambaya ko an taɓa neman wani. Ta tsura wa kwamfuta ido.

Ya daɗe yana shafa wayar da babban yatsa.

"Hafiza, 'yar nan, ba sai Kano ba. Ki tura ni koren ko sau ɗaya, Zariya kawai, da rana tsaka. Don Allah."