Yinin da Surukina Ya Kai Ni Ganin Teku

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, autata ta haihu a ƙasar Fotugal. Mijinta ɗan nan cikin gari ne, ƙarin karatu ya kai shi can ya tafi da ita. Tunda ba ta da halin zuwa wanka gida, sai wankan ya bi ta. Ni na tafi.

Ban yi boko ba, amma a Zaitawa kowa ya san ba a koya mini shirin tafiya, Makka ma sau biyu na je. Duk da haka surukin nawa ya aiko da doguwar wasiƙa aka karanta mini. In je Legas neman biza. In ɗauki hoto kunnuwa a waje. In zo da rigar sanyi ko da ana rana, don iskar bakin ruwa ba ta da alƙawari. Duk na yi. Abin da bai rubuta ba kuma na shiga kasuwar Kurmi na haɗo da kaina: kanwa, yaji, daddawa, garin kunu. Ganyen darbejiya na shanya a inuwa na cusa tsakanin zannuwa.

Sama da wata guda ina gida ɗaya a hawa na huɗu, daga wankan mai jego sai gashin jaririya. Ta taga nakan hango ruwa bayan rufin gidaje, auta ta ce wannan kogi ne kawai, tekun yana gaba. A Jidda ta tagar mota na gan shi, a Legas cunkoso bai bar ni ba. Na ƙudura a raina ba zan koma Kano ban tsoma ƙafata a ciki ba. Ga shi ranar komawata ta faɗo kwana biyu kafin arba'in.

"Inna, ko in shirya mu je tare?" in ji auta.

"Ki je ina da ɗanyen jiki? Zauna."

"To sai dai ku tafi da shi, ku biyu."

Tun da na sauka gidan ban taɓa kai loma baki a gaban mijinta ba, shi ma haka. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango. Duk saƙo ta bakin auta yake bi. Haka muka taso, suruka da kunya aka san ta. Amma yini ɗaya ya rage mini, sai na ce ta gaya masa na yarda.

Yaron nan akwai tsari. Ya zana komai a takarda: taragon lantarki da safe zuwa tsohuwar ganuwa a kan dutse, azahar a masallaci, abinci a gidan kifi don shi ne babu kokwanto a kan yankansa, sannan jirgin ƙasa zuwa bakin teku. Da safen yana zaune a falo yana jirana, don haka ko shayi ban sha ba muka fita.

Yana gaba da taku uku, ina biye. Gidajen garin an manne bangonsu da tangaran mai zanen shuɗi, tsofaffin mata cikin baƙaƙen kaya suna shanya ta taga. A kan ganuwar ya ce wa iska, ba ni ba, wai Musulmi sun taɓa zama a nan. Ni ma na ce wa iskar ginin ya yi kyau, amma duk kewayensa bai kai daga gidanmu zuwa Ƙofar Dawanau ba.

Bayan azahar ya tsaya a ƙofar gidan kifin. Ƙamshin gashi har titi.

"Hajiya, nan ne wurin abincin."

"Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake. Ku shiga ku ci."

"Ai ni ma a ƙoshe nake."

Ƙarya muke yi mu duka. Muka wuce tasha.

Da muka sauka a garin bakin tekun, ina jin rurinsa ta bayan gidaje amma ban gan shi ba, sai da an gangara wasu matakala masu yawa. Nan jiri ya ɗebe ni. Na lallaba na zauna a kan wani benci, gumi yana keto mini a cikin sanyin nan.

"Hajiya, mu koma gida," ya ce.

"Gobe iyanzu ina sama. Mu gangara."

"A haka ba zan gangara da ku ba. In kun faɗi, me zan je in gaya mata?"

Ran nan ya fara musa mini magana, kansa a sunkuye. Ya ce in jira shi. Can sai ga shi da ƙunshi biyu a takarda, gasasshen kifi da burodi, da ruwa a gora. Bencin irin mai fuska biyu ne, jingina ɗaya a tsakiya. Ya ajiye ƙunshi ɗaya a gefena, ya zagaya ya zauna ta baya, ƙeyarsa na kallon ƙeyata.

"Hajiya, ni gari nake kallo. Ba na ganin komai."

Na daɗe ina duban ƙunshin. Sai na ji motsin takardarsa a bayana, ashe ya buɗe nasa ƙunshin. Na yi bisimilla. Ban bar komai ba sai ƙaya.

"A gaya wa mai kallon gari," na ce, "kifin nan da ya samu yaji da ya fi haka."

"Za a gaya masa, Hajiya."

Muka gangara, wannan karon yana gefena. Tekun ba shi da ɗaya gaɓar, ruwa ne har inda sama ta sauko. Na tattare zanena na shiga. Sanyinsa ya soke ni har ƙashi, igiyar ruwa ta janye yashin da ke ƙarƙashin tafin ƙafata kamar za ta tafi da ni, ban matsa ba. Shi yana can baya a kan busasshen yashi, bai ce in yi sauri ba. Na tsaya ruwan ya zo ya koma har sau bakwai, sannan na juyo na dube shi, na ce mu tafi kada jirgi ya bar mu.