Subhi Mai Sauraron Ruwa

Idan aka idar da sallar asuba, hazon teku bai gama tashi daga kan itatuwan dabino ba, za ka ga Subhi, wanda duk unguwarmu ta kudancin Dair al-Balah ke kira Abu Wasim, yana tura kekensa cikin yashi. A bayan keken akwai buhun kayan aiki, a aljihunsa kuma rabin burodi da matarsa Itaf ta shafa wa man zaitun. Ba ya hawa sai ya wuce gidajen mutane, wai kada ƙarar sarƙa ta tashi jarirai. Haka ya yi shekara talatin da ɗaya yana zuwa ɗan ɗakin bulon da ke kan rijiyar burtsatsen unguwa.

Yana shiga yakan yi wa injin jan ruwan sallama kamar mutum. Sai ya ɗauki doguwar sukurdireba, ya ɗora bakinta a jikin bututu, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Ya sha gaya mana cewa a haka yake jin ruwa yana tahowa a hankali daga can duwatsun gabas, yana bi ta ƙarƙashin garuruwan da ba a barinmu mu je. Mahaifiyarsa ta ba shi labarin wata rijiya a ƙauyen da aka kore su, mai itacen ɓaure a bakinta. Bai taɓa ganin wurin ba. Amma ya ce idan ya ɗan kishingiɗa bayan azahar, injin yana ta gurnani a gefensa, yakan tsinci kansa a inuwar ɓauren, tsohuwar tana jan guga tana dariya, ruwan kuwa babu gishiri ko kaɗan.

Injin nan kyauta ce daga Amurka. An kawo shi ne a zamanin wani shugabansu, da ɗan faifan ƙarfe a jikinsa mai rubutun Turanci, aka yi alkawarin duk abin da ya lalace za a aiko. Bayan 'yan shekaru aka yi zaɓe a can, wanda ya hau ya rufe taimakon. Subhi ya rubuta takarda yana neman bel ɗin inji da matatar ruwa, ya jira bazara biyu, shiru. Daga ƙarshe ya yanka tsohuwar tayar babur ya yi bel, ya kwance injin wankin Itaf ya ɗebi abin da yake so a ciki. Ta yi kwana uku ba ta kula shi ba. A rana ta huɗu ta kawo masa shayi har ɗakin injin, ta ce ta zo ne ta ga amaryar da aka yi wa kayan ɗaki da dukiyarta.

Maƙwabcinsa Abu Fakhri wanzami ne, kuma babu zaɓen Amurka da ke wucewa bai bi shi a rediyo ba. Da aka sake zaɓe, wani ya hau, ya zo da rawar jiki ya leƙa ɗakin.

"Abu Wasim, albishirinka. Namu ya ci. Wannan mai sanyin zuciya ne, ka jira kaya."

Subhi bai ɗago daga notin da yake ɗaurewa ba. Ya ce, "Naka dai, Abu Fakhri. Ka gaya masa lambar bel ɗin arba'in da biyu ce."

Gaskiyar wanzami ta ɗan fito, don an aiko da akwati ɗaya na matatun ruwa. Subhi ya jera su a kan kanta yana goge musu ƙura kullum kamar ƙwai. Sai yaƙi ya zo.

Wanda bai ga unguwarmu a watannin nan ba ba zai gane ta ba. Mutane sun kwararo daga arewa da katifu a ka, suka kafa tantuna a gonakin dabino har bakin teku. Rijiyar da ke shayar da gida ɗari uku ta koma shayar da mutanen da babu wanda ya iya ƙirgawa. Wutar lantarki ta ɗauke, man janareto ya ƙare. Subhi ya bi tanti tanti yana roƙon man girkin da aka gama suya da shi, ya tace a ƙyalle, ya ɗura wa janareton. Har yau duk wanda ya tsaya a layin nan yana tuna yadda hayaƙin ke ƙamshin soyayyen wake, mutane suna riƙe da jarkoki, yunwa na cinsu, suna shaƙa suna murmushi. Rediyon Abu Fakhri kuwa yana ta faɗin cewa shugaban nan mai sanyin zuciya ya aiko da abinci, ya kuma aika wa masu yaƙarmu makamai. Wanzami ya daina cewa namu.

Kai ne, Abu Wasim, da aka ce kowa ya bar unguwar, ka raka Itaf da jikokinka har bakin hanya, ka ɗora su a keken jaki, ka juyo da ƙafa. Itaf ta ba mu labarin ta riƙe hannun rigarka ta ce injin ba shi da rai. Ka ce mata ka sani, amma tsofaffin da suka kasa tafiya suna da shi. Kwana goma sha tara kana tada inji da hantsi, kana ɗaukar jarkoki kana kai wa waɗanda ke kwance.

A rana ta ashirin, da misalin walaha, bam ya faɗo a gonar da ke bayan ɗakin. Subhi ya ce bai ji ƙara ba. Ya ga dai dabinai sun sunkuya gaba ɗaya kamar masu ruku'u, ya ga tantabaru suna tashi ba sauti, duniya ta yi tsit kamar an nutsa da ita cikin ruwa. Daga ranar bai sake jin muryar kowa ba. Da ƙura ta lafa ya tarar tankin ruwan ya huje, ruwa yana tsiyaya cikin yashi. Jini na zuba daga kunnuwansa ya nemi abin toshewa, bai sami ƙarfen da ya fi wani guntun bam ɗin kauri ba. Ya daka shi ya baje, ya ɗaure shi a kan ramin da noti huɗu. Da mutane suka dawo, Abu Fakhri ya tsaya yana kallon facin. A jikin ƙarfen akwai ragowar rubutu, harshe ɗaya da wanda ke jikin faifan injin. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna abokinsa ba ya ji, ya rungume shi kawai.

An sake zaɓe a can, na da, wanda ya rufe taimakon, ya dawo, rediyo ta ce yana maganar a kwashe mu a kai wata ƙasa a gyara bakin tekunmu. Abu Fakhri ya rubuta wa Subhi wannan a bayan kwalin shayi. Subhi ya karanta, ya karɓi biron ya rubuta a ƙasa: gobe layin ruwa ƙarfe bakwai.

Ya ƙara shekara guda yana aikin da kurumtarsa, yana kara ƙotar sukurdireba a haƙoransa ya ji motsin inji ta ƙashin kansa. Amma a watan jiya bel ya tsinke a bayansa bai sani ba, inji ya kusa ƙonewa. Shi da kansa ya je wurin Lubna, injiniyar da ta gudo daga arewa bayan ta rasa mijinta, ya miƙa mata makullin ɗakin injin. Ya yi sati biyu yana riƙe hannunta yana ɗorawa a kan kowane bututu, har ta san zafin da ya dace da wanda bai dace ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka taru a ƙofar ɗakin injin. Kowa ya kawo abin da ya samu, wani dabino biyar, wata ɗan ƙullin ganyen shayi. Liman ya yi magana, Lubna ta yi, Abu Fakhri ma ya yi. Kai kuwa, uban masu ƙishi, kana zaune a kan jarka kana bin bakunanmu da ido, kana murmushin mutumin da ke kallon ruwan sama ta taga. Can ka juya ka tambayi Itaf da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa, ko faɗa muke yi a kan layi. Muka yi dariya, wasu suka juya baya suna share ido.

Shugabanni sun hau sun sauka a ƙasar da ba mu taɓa gani ba, kowannensu kuma ya taɓa ruwan da muke sha. Kai ba ka tashi ba. Muna kira ga matasanmu, duk wanda Allah ya ba wani aiki da jama'a ke rayuwa a kansa, ko buhun gari ne ko allura ko allon makaranta, ya riƙe shi yadda wannan bawan Allah ya riƙe nasa, kada ya jira sakamakon zaɓen kowa.

Abu Wasim, godiyar da muka yi maka da baki ba ta isa kunnenka ba, shi ya sa muka rubuta. Itaf ta ce tabarau ɗinka ya fashe, don haka kwafin da za a kawo maka mun sa an yi shi da manyan baƙaƙe. Ka zauna a inuwa ka karanta a hankali. Mun gode. Allah ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu.